Yadda Ake Sauraron Kiɗa Lokacin Rubutu Ba Tare da Ya Ƙwace Maka Magana Ba

Katanga ɗaya ce ta raba ɗakin da nake rubutu da injin markaɗen maƙwabtanmu. Tun hantsi ake tayar da shi, ga yara sun yi layi da robobin wake da tattasai suna ta surutu, ga masu adaidaita sahu suna danna oda a bakin layi. Dole ce ta sa na fara toshe kunne da kiɗa, ba sha'awa ba. Da farko abin da nake so shi nake sakawa, wato waƙoƙin Hausa da na taso da su. Na ɗauki watanni ina jin daɗin zaman, ina kuma mamakin yadda babi ɗaya ke cinye min mako guda. Ranar da na gane matsalar, ina karanta abin da na rubuta ne da daddare, sai na tarar da wata tsohuwa a labarina tana yi wa jikarta faɗa da kalmomin amshin waƙar da na wuni ina ji. Ba ni na ba ta maganar ba, mawaƙin ne ya ba ta.

Abin da na koya tun daga ranar shi ne tushen duk matakan da ke tafe. Rubutu magana ce da mutum yake yi a zuci kafin ta sauka a takarda ko a fuskar waya. Duk sautin da yake magana da harshenka, to kishiya ce ga waccan maganar ta zuci, kuma taura biyu ba ta taunuwa. Saboda haka idan za ka zaɓi abin da za ka ji, kada ka tambayi kanka ko yana da daɗi. Tambayi kanka ko yana magana.

Mataki na farko: gano abin da kake gudu

Mutane iri biyu ne ke saka iyafis idan za su yi rubutu. Akwai mai gudun hayaniya, kamar ni da injin markaɗe. Akwai kuma mai gudun shiru, wanda da zarar ɗaki ya yi tsit sai tunanin bashi da na cefane da na abin da wance ta faɗa jiya su taso masa. Maganin waɗannan biyun ba ɗaya ba ne. Na farko bango yake nema tsakaninsa da duniya, kuma sau da yawa ƙarar fanka ko sautin ruwan sama ya ishe shi. Na biyu abokin zama yake nema, shi ne mai buƙatar kiɗa na gaske.

Hanyar ganewa ba ta da wuya. Ware kwana uku, ka zauna a lokaci ɗaya kullum, minti 30, kana aiki iri ɗaya. Ranar farko ba kiɗa. Rana ta biyu kiɗa zalla, babu muryar mutum. Rana ta uku waƙar da ka fi so. Kowace rana ka ƙirga kalmomin da ka rubuta, ka ajiye adadin a gefe, sannan bayan kwana biyu ka dawo ka karanta shafukan uku da idon baƙo. Kada ka yarda da abin da zuciyarka ta gaya maka lokacin zaman, domin ranar waƙa ita za ta fi maka daɗi, kuma daɗin zama daban, yawan aiki daban. Idan hali ya yi, maimaita gwajin mako na biyu, saboda rana ɗaya tana iya zuwa da ciwon kai ko baƙi.

Masana sun riga mu yin irin wannan gwaji. A 1989, Pierre Salamé da Alan Baddeley sun sa mutane su riƙe jerin lambobin da aka nuna musu, wasu lokuta cikin shiru, wasu lokuta ana kiɗa zalla, wasu kuma ana waƙa da murya. Waƙa mai murya ita ta fi rikita su. A 2001 kuma Ransdell da Gilroy suka sa ɗaliban jami'a rubuta insha'i a kwamfuta, suka tarar rubutun ya fi tafiyar hawainiya idan ana kiɗa. Na kawo wannan ne don kada wani ya ruɗe ka da cewa kiɗa yana ƙara basira. Wannan zance ya samo asali ne daga wani ɗan gwaji na 1993 a Kalifoniya ta Amurka, inda ɗalibai 36 suka saurari kiɗan Mozart, wani tsohon makaɗin Turai, na minti goma kafin a ba su aikin gane siffofi, suka ɗan fi ƙoƙari, kuma tasirin bai wuce kamar kwata na awa ba. Kafin aiki suka ji, ba lokacin aiki ba, kuma ba rubutu aka ba su ba. Amfanin kiɗa ga marubuci shi ne ya tsare masa ƙofa ya kuma zaunar da shi. Wannan ma ba ƙaramin amfani ba ne, amma iyakarsa ke nan.

Mataki na biyu: raba aikin gida uku

Kuskuren da muka fi yi shi ne ɗaukar rubutu a matsayin aiki ɗaya. Aiki uku ne. Akwai saƙa, lokacin da kake tunanin abin da zai faru, wa zai ce me, ina labarin ya dosa. Akwai zubowa, lokacin da yatsu ke gudu. Akwai gyara. Idan kiɗa ya canza rawa ma canzawa take yi, to a nan rawar ce ke canzawa, kiɗan ya bi ta.

Lokacin saƙa shi ne gurbin waƙa mai kalmomi. A nan ka sake jiki. Idan za ka rubuta wurin da aka kai amarya, ji waƙar biki, ko kiɗan ƙwarya na amada, har sai ka ga tsakar gidan a idonka, ka ji ƙamshin turaren wuta. Idan fage ne na dambe ko na fada, nemi abin da ya dace da shi. Yi haka kana wanke-wanke, ko kana kan hanyar dawowa daga kasuwa, ko minti goma kafin ka zauna. Da zarar ka ɗauki biro ko ka buɗe wurin taifin, kashe ta. Ta gama aikinta, ta ɗora ka a kan hanya.

Lokacin zubowa sai kiɗan da ba ya magana. Lokacin gyara kuwa sai shiru, zan dawo kan dalili.

Mataki na uku: zaɓen sautin, da tarkon da ke jiran Bahaushe

A nan ne shawarar da ake ba kowa take gaza mana. Ana cewa ka nemi kiɗan da babu murya, shi ke nan. Amma Hausa harshe ne mai karin sauti, hawa da saukar murya suna bambanta ma'ana, kuma makaɗanmu sun daɗe da sanin haka. Kalangu magana yake yi. Makaɗi yana matse tsirkiyar da hammatarsa yana saki, sautin yana hawa yana sauka kamar bakin mutum. Abin da ake kira take ke nan: basarake da takensa, ɗan dambe da nasa, mahauta da nasu. Haka kotso da taushi a fada, haka kakaki da algaita. Baturen da ya saka kiɗan kalangu ganga kawai yake ji. Kai da ka tashi a cikinsa, kunnenka zai yi ta fassara maka shi ko ba ka so. Na taɓa saka wani kiɗan kalangu zalla ina ganin na tsira, sai na kama bakina yana motsi, ina cike kirarin da gangar take faɗa.

Tarko na biyu ɗan'uwan na farko ne: kiɗan waƙar da ka haddace, wanda aka cire wa murya. Muryar ba ta tafi ko'ina ba, tana cikin kanka, kai za ka rera ta.

To me ya rage? Ga abin da ya yi min aiki, na kuma ga ya yi wa wasu. Kiɗan kora na Mali da Gambiya da Senegal, mai tsirkiya 21, idan makaɗi ɗaya ne ba mawaƙi, yana gudana kamar ruwa a kwalbati, ba ya tsayawa ya tambaye ka komai. Kiɗan udu na Larabawa ma haka, sai dai yana da nauyi, ya fi dacewa da rubutun dare ko fage na baƙin ciki. Fiyano mai sanyi. Sarewa irin ta makiyaya. Gurmi ko molo ko garaya, idan ka dace da wanda aka kaɗa ba waƙa kuma ba ka san waƙar da ke bayansa ba, amma irin wannan yana da wuyar samu, domin a wurinmu kiɗa da waƙa tare suke tafiya. Sai kuma sautukan da ba kiɗa ba: ruwan sama a kan kwano, kukan tsuntsaye, ƙarar teku.

Siffofi uku za ka duba a duk abin da ka zaɓa. Kada ya riƙa tashi da faɗuwa ba zato, wato ya yi ƙasa-ƙasa sannan ya fashe da ƙara. Kada ya yi saurin da zai sa ƙafarka ta fara bugun ƙasa, domin idan jiki ya shiga rawa hankali ya bi shi. Kuma kada ya zama sabo fil a kunnenka kowace rana. Sabon abu yana jan hankali, wanda aka saba da shi yana komawa baya ya zauna kamar kayan ɗaki.

Waƙoƙin Indiya fa, tunda da yawanmu da su aka yi renonmu? Suna tsakiya. Muryar da ba ka jin harshenta ba ta kai ta Hausa ɓarna ba, saboda ba ta ba ka ma'anar da za ka bi. Amma murya murya ce, kunne yana juyawa gare ta. Ga shi kuma yawancinmu mun haddace amshinsu, mun san fim ɗin, da an saka sai ka ga jarumar tana gudu a kan dutse. Idan har sai ka ji murya, nemi harshen da ba ka da alaƙa da shi ko kaɗan, kuma waƙar da ba ta tuna maka kowa.

Mataki na huɗu: haɗa jerin tun kafin ranar aiki

Kada ka taɓa zama rubutu sannan ka fara neman abin da za ka ji. Haka ake shiga YouTube neman kiɗan kora a fito bayan awa guda an kalli wa'azi biyu da rigimar 'yan fim. Ware wata rana daban, ka zaɓi abubuwa kamar goma zuwa goma sha biyar, ka ji kowanne har ƙarshe, domin wani kiɗan sai ya yi minti huɗu lafiya sannan mawaƙi ya shigo. Duk wanda ya sa ka ɗaga kai, cire shi, ko da ya fi sauran daɗi. Musamman ma idan ya fi sauran daɗi.

Sannan ka sauke su a wayarka. Dalilai uku ne. Na ɗaya talla: manhajoji irin su Audiomack da Boomplay da Spotify suna sako talla ga wanda bai biya ba, kuma talla murya ce da aka tsara musamman don ta fizgi hankali. Na biyu data: sauti mai matsakaicin inganci yana cin kusan megabait ɗaya a minti, wato kusan 60 a awa, bidiyo kuwa ya ninka haka sau da yawa. Wanda ke zama awa biyu kullum zai ji a aljihunsa kafin wata ya ƙare. Na uku shi ne mafi girma: idan kiɗan yana cikin waya, kana iya kashe data gaba ɗaya. Mai rubutu a waya ya san abin da nake nufi. Kana tsakiyar jimla saƙo ya faɗo daga guruf, masu karatu suna tambayar ina shafin yau, ka leƙa don ka ba su haƙuri, jimlar ta tafi ke nan. Duba ko manhajar da kake amfani da ita tana barin a sauke, ko ka sayi kiɗan ta hanyar da makaɗin zai amfana, ka zuba a memori.

Idan kana da tsohuwar waya ko ƙaramar rediyo mai cin memori, mayar da ita ta kiɗa kawai. Batirin wayar rubutu zai fi daɗewa ranar da aka ɗauke wuta, kuma hannunka ba zai riƙa zuwa canza waƙa ba.

Mataki na biyar: ƙarfin sauti

Wannan wurin ina roƙon a ɗauke shi da gaske, domin kunne ba ya tsirowa. Ƙananan ƙwayoyin da ke cikin kunne masu karɓar sauti, idan ƙara ta kashe su, ba sa dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana iya jin sauti mai ƙarfin desibel (ma'aunin ƙarar sauti) 80 na tsawon awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma idan ya kai 90, awa huɗu kacal ne a mako. Shawararta ita ce kada a wuce kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin na'urar. Marubucin da ke zama awa uku kullum yana cikin waɗanda wannan magana ta fi shafa.

Haɗarin ya fi yawa ga masu gudun hayaniya, saboda muna ƙara sauti ne don mu danne janareto ko inji. Kada ka yi gasa da janareto. Abin da ya fi shi ne ka sami abin da ke toshe kunne da kyau: iyafis mai roba a baki wanda ya yi daidai da ramin kunnenka, ko hedifon mai rufe kunne duka. Idan toshewar ta yi kyau, ɗan sauti kaɗan ya isa. Gwajin da nake yi shi ne, idan mutum ya tsaya a gabana ya yi magana da muryarsa ta kullum ban ji ba sam, na rage. Idan ka cire iyafis ka ji kunnenka yana ƙugi ko kamar an cusa auduga, ka wuce gona da iri, ba shi hutu.

Ke kuma 'yar'uwa mai rubutu da goyo ko da tukunya a wuta, kunne ɗaya za ki saka, ko ki ajiye ƙaramar sifika a gefe. Haka mai zama a shago. Babu babin da ya kai kukan yaro muhimmanci.

Mataki na shida: mayar da jerin agogo

Tsara jerin ya zama tsawon zama ɗaya. Wasu suna bin tsarin da wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya fito da shi, na aikin minti 25 da hutun minti biyar. Ni minti 25 ya yi min kaɗan, sai na fara ɗumi lokaci ya cika, don haka jerina minti 45 ne. Idan kiɗa ya tsaya na san lokacin tashi ya yi, ba sai na duba waya ba. Na miƙe, na sha ruwa, na bar kunne ya sha iska.

Kuma ka riƙa farawa da abu ɗaya kullum. Bayan mako biyu ko uku za ka ga da zarar sautin farko ya shiga kunnenka, jikinka ya san an zo aiki, kamar yadda ɗalibi ke nutsuwa da jin ƙararrawa. Saboda wannan ne ba na jin jerin rubutuna a mota ko wurin hira. Na keɓe shi.

Lissafa zaman yadda zai ƙare kafin kiran sallah. Wanda ya toshe kunne biyu bayan la'asar yana iya ɗagowa ya ga an idar da magariba.

Mataki na bakwai: gyara cikin shiru, da baki

Idan ka zo gyara, cire komai daga kunne, ka karanta da murya. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Gari na zama da gari na tuwo iri ɗaya ake rubuta su, haka kuka na hawaye da kuka ta miya, haka fari na launi da fari na rashin ruwan sama. Mai karatu da kunnen zuci yake warware su, kuma idan jimlarka ta bar shi cikin shakka, sai ya yi tuntuɓe ya koma baya. Ba za ka gano wurin tuntuɓen ba sai ka ji jimlar da kunnenka. A nan ne kuma za ka kama inda ka rubuta da a maimakon ɗa, ko kasa a maimakon ƙasa, da inda magana ta yi tsawon da numfashi ba zai kai ba.

Akwai wani dalilin da ya fi wannan ɓoyuwa. Kiɗa yana ara wa rubutu motsin rai. Ka rubuta wurin rabuwa ana kaɗa maka udu, idonka ya ciko, ka ɗauka ka yi abin kirki. Mai karatu ba zai ji udun ba, baƙaƙe kawai zai gani. Karanta wurin da rana tsaka cikin shiru. Idan har yanzu yana taɓa ka, naka ne. Idan ya zama lami, to kiɗan ne ya yi kukan, sai ka sake zama.

Idan waƙa kake rubutawa

Marubucin waƙa hukuncinsa ya fi tsanani. Rubutacciyar waƙar Hausa a kan kari take tafiya, kuma yawancin masu yin ta suna rera baitin a hankali suna gwada nauyin gaɓoɓinsa. Duk kiɗan da ke kunnenka yana da nasa bugun, kuma zai ja baitinka zuwa gare shi, ka fara da wani kari ka ƙare da wani. Idan da gangan kake son hawa karin wani kiɗa, ji shi sau da yawa kafin ka zauna, har ya zauna maka a ƙirji, sannan ka kashe ka rubuta. In ba haka ba, yatsanka a kan tebur ya ishe ka ganga.

Idan ba ka jin kiɗa

Akwai 'yan'uwa da yawa da ba sa sauraron kiɗa saboda fahimtarsu ta addini, kuma duk abin da na faɗa yana yi musu aiki ba tare da sun taɓa shi ba. Sautin ruwan sama, iska a cikin itatuwa, ƙarar fanka, duk ana samun su a sauke, wasu na awa guda, wasu fiye. Su ne ma suka fi kowane kiɗa iya danne surutun mutane, saboda ba su da giɓin da magana za ta kutso ta ciki.

Abu ɗaya nake jan hankali a kai: kada a mayar da karatun Alƙur'ani abin toshe kunne lokacin rubutu. Aya ta 204 a Suratul A'araf ta yi umarni idan ana karanta shi a saurara a yi shiru, kuma mai ƙirƙirar hirar saurayi da budurwa ba saurare yake yi ba. Wa'azi da labaran rediyo su ma magana ce zalla, sun fi waƙa cin hankali. A ba kowanne lokacinsa.

Wata rana za ka zauna, ka saka iyafis, ka manta ba ka danna komai ba, sai bayan shafi uku ka lura. Idan haka ta faru kada ka kunna, ci gaba da rubutunka. Ni yanzu ranakun da injin maƙwabta ya lalace, ko aka tafi biki aka rufe gidan, iyafis ɗin kawai nake sakawa, babu komai a ciki.